Jitar bes mai sauƙin kuɗi don kiɗan rok da metal: tambayoyi da amsoshi

Mai arha za ta iya ɗaukar kiɗa mai nauyi irin wannan?

Za ta iya. Leo Fender ya fito da jitar bes (jita mai sauti mai zurfi) mai suna Precision Bass a 1951, tun daga 1957 kuma ƙirarta ba ta canza sosai ba, kuma Squier, ɓangaren kamfanin Fender mai yin kaya masu sauƙin kuɗi, yana ƙera irinta. Akwai kuma Ibanez GSR200 da Yamaha TRBX174. Ni na fi karkata ga Ibanez idan mai koyo ne, saboda wuyanta siriri ne, hannu ba ya saurin gajiya.

Tsirkiya huɗu ko biyar?

Huɗu sun isa rok. Steve Harris na ƙungiyar Iron Maiden da huɗu ya yi suna, da yatsu kuma yake kaɗawa. Ta biyar ɗin tana ƙara sautin B ne can ƙasa, wanda masu metal na zamani ke nema. Sai dai a jita mai arha wannan tsirkiyar takan yi sako-sako, sautinta ya dagule. Idan kuɗin bai kai ba, gara huɗu masu kyau.

Mai batir fa?

Tana da ɗan injin ƙara ƙarfin sauti a cikinta, mai aiki da batir na bolt 9. Sautinta ya fi kaifi, amma ranar da batirin ya mutu za ka ji ta shaƙe. Marar batir ba ta da wannan matsala.

Me zan duba kafin in biya?

Wuya, kafin komai. Nan ne mutane ke yin asara, domin fenti da ƙira mai ban tsoro ke ɗauke musu hankali. Ɗaga jitar ka hangi wuyan daga kai zuwa gindi: ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, akwai sandar ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa a daidaita shi, amma idan ya murɗe, ajiye ta ko da kyauta ce. Danna kowace tsirkiya a kowane mataki (rabe-raben da siraran ƙarafa suka yi a jikin wuyan) ka saurara ko tana zuza. Shafa gefen wuyan, kada ƙarafunan matakan su karce ka. Iskar hunturu tana busar da itace har su fito, shi ya sa jaka take da muhimmanci a ƙasashenmu. Sannan a jona ta da amfilifaya (na'urar ƙara sauti), ka murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta hannu da ta tsallake wannan gwaji ta fi sabuwar da ba ka taɓa ba.

Duk kuɗin zan zuba a jitar?

A'a. Rage na amfilifaya, kuma ta bes za ka saya, irin su Fender Rumble. Lasifikar jita ta yau da kullum ba a yi ta don sauti mai zurfi ba, idan ka ƙure ƙara tana iya lalacewa. Ka ware kuma na sababbin tsirkiyoyi da na mai gyaran da zai daidaita maka tsayinsu.