Wa zai yi wa mai harsuna ashirin alƙalanci?

Bidiyon masu harsuna da yawa a intanet yakan fara ne da saurayi ya kafa waya a gabansa, ya ce zai yi magana da harsuna ashirin cikin minti goma sha biyar. Tutar wata ƙasa ta bayyana a gefen allo, ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da abin da ya ja shi ga harshen, sai tuta ta sauya. Kafin ya kai na goma masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu na cewa baiwa ce daga Allah, wasu na cewa hadda ce kawai irin ta aku. Can kuma wani zai tsoma baki ya ce ai wane ya fi shi, daga nan musu ya koma na gwanina da gwaninka.

Wannan musu ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun zamanin Rumawa marubuci Pliny ya ruwaito cewa sarki Mithridates na Pontus yana yi wa talakawansa shari'a da harsuna 22 ba tare da tafinta ba, kuma ba mu da hanyar tantancewa sai dai mu karɓa ko mu bari. Wanda aka fara yi wa binciken ƙwaƙƙwafi shi ne Giuseppe Mezzofanti, limamin Katolika ɗan birnin Bologna, wanda aka haifa a 1774 ya rasu a 1849. Bai taɓa fita daga Italiya ba, baƙi ne ke zuwa su same shi, kowa da niyyar ya ƙure shi. Mawaƙin Ingila Lord Byron ya gwada shi har da ashariya, ya fito yana jinjina masa. An kuma ruwaito cewa Fafaroma Gregory na 16 ya taɓa tara ɗalibai 'yan ƙasashe daban-daban suka yi masa kwanton ɓauna, suka fito masa lokaci guda kowa na magana da harshen uwarsa, shi kuwa yana mayar wa kowa da nasa.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne aikin da wani malami ɗan Ireland, Charles William Russell, ya yi bayan rasuwarsa. Ya bi waɗanda suka taɓa zama da Mezzofanti da wasiƙu yana tambayarsu: da wane harshe kuka yi magana, har tsawon wane lokaci, kai kanka ɗan harshen ne ko koya ka yi? A littafin da ya fitar a 1858 bai tsaya ga adadi ɗaya ba, sai ya kasa harsunan hawa-hawa. Kusan 30 ya sa a sahun waɗanda aka jarraba sau da dama aka ga ƙwarewa. Sauran ya rarraba su: waɗanda aka ce ya iya amma shaida ba ta wadatar ba, waɗanda yake ɗan taɓawa, da waɗanda a littafi kawai ya san su. Har yau ban ga mai bidiyon da aka yi wa irin wannan tankaɗe da rairaya ba.

Matsalar da Russell ya ci karo da ita tana nan daram. Babu alƙali guda da ya san harsunan duka, don haka dole a tara alƙalai, kowa da ma'auninsa. An gwada hakan a Brussels a 1990, a wata gasa ta neman gwanin harsuna na nahiyar Turai, inda 'yan takara suka riƙa zama da masu harshen ɗaya bayan ɗaya ana hira ana ba da maki. Derick Herning ɗan Scotland ne ya lashe da harsuna 22, wato ƙasa da rabin abin da wasu ke iƙirari ba tare da an zaunar da su ba.

Cikin masu irin wannan iƙirari babu wanda ya sha kunya kamar Ziad Fazah, haifaffen Laberiya da ya tashi a Labanon ya zauna a Brazil. Kundin bajinta na Guinness ya taɓa sa sunansa da harsuna 58. A 1997 wani gidan talabijin na ƙasar Chile ya gayyace shi, aka cika ɗakin da masu harsuna iri-iri. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna yi masa tambaya da Farisanci da Sinanci da harshen Finland, yana ta kame-kame. Wani ya tambaye shi da Rashanci wace rana ce yau, abin ya faskara. Masu kare shi sun ce shammatarsa aka yi, kuma harshen da aka daɗe ba a taɓa ba yakan yi tsatsa, wanda gaskiya ne. Amma da faifan ya hau YouTube shekaru bayan haka, sai ya zama sandar da ake bugun duk wanda ya ambaci adadi mai yawa.

A gefe guda malaman harshe sun yi nasu ƙoƙarin. Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar da ma'auni a 2001 mai matakai shida, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na wanda ya goge, kuma ana auna ji da magana da karatu da rubutu kowanne daban. Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka kuwa ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci da Japananci kuma awa 2,200. Mai son ya yi lissafi sai ya ninka ya ga ko shekarun saurayin cikin bidiyo sun isa. Sai dai akasarin harsunan duniya ba su da jarrabawar da za a ba mutum takardar shaida, kuma da yawan masu cewa suna matakin B2, na huɗu cikin shidan, su ne suka ba kansu.

YouTube ya zo a 2005, cikin 'yan shekaru aka sami jama'a guda ta masu wannan harka. Steve Kaufmann, dattijo ɗan Kanada kuma tsohon jami'in diflomasiyya, yana wa'azin a yawaita sauraro da karatu kafin a buɗe baki. Benny Lewis ɗan Ireland ya ce a fara magana tun ranar farko, ya raɗa wa shafinsa suna mai alkawarin iya harshe cikin wata uku, sunan da ya jawo masa suka har gobe. Luca Lampariello ɗan Italiya ya yi suna da kyan lafazi, Richard Simcott ɗan Ingila da yawan harsuna, su biyun kuma suka shirya babban taron masu harsuna na farko a Budapest a 2013. Moses McCormick na jihar Ohio, wanda ya rasu a 2021, shi ya shahara da shiga manyan kantuna da kyamara yana taren baƙi da harshensu. Kwatanta waɗannan mutane da juna tamkar gasar gudu ce tsakanin mai keke da mai ninƙaya, tunda ba abu ɗaya suke nema ba. Ga kuma batun kuɗi: da yawansu na da manhaja ko darasi ko littafi na sayarwa, saboda haka wani musun da ake yi da sunan ilimi, na ciniki ne.

Salon McCormick ne ya haifi abin da ya cika gari yanzu, bidiyon Bature ya ba mai shago mamaki da harshensu. A nan ne gizo ke saƙar. Kyamara ta fi ƙaunar lafazi da gaisuwa da fuskar wanda aka shammata. Tambayoyin da baƙo zai yi maka a minti biyun farko sanannu ne: daga ina kake, a ina ka koya, shekara nawa. Wanda ya haddace amsoshinsu ya gama, sauran kuma almakashin mai tace bidiyo ya ɗauke. Mamakin mai shagon ma ba maki ba ne, karamci ne da jin daɗin an kula da harshensa. Shi kansa mai shagon wataƙila yana jin harsuna huɗu yana ciniki da su kullum, babu wanda ya taɓa kafa masa kyamara.

Na taɓa kallon wani yana jero harsuna, ina ta gyaɗa kai har aka zo kan Hausa. Kalmomin daidai suke, amma karin sauti da tsawon wasali sun watse, ba ka bambance gari na zama da gari na niƙa. Nan na tsaya na tambayi kaina: sauran sha taran da na yaba, da wane kunne na ji su? Haka kowane mai kallo yake, alƙalin harshe ɗaya ne ko biyu, ɗan kallo a sauran. Wani lokacin ma tsananin yakan yi yawa, a ga mutum ya iya karanta jarida da rubuta wasiƙa amma a yi watsi da shi don harshensa na da gargada.

Tim Doner, ɗan birnin New York da jaridu suka yi ta yayatawa a 2012 yana ɗan shekara 16, har da Hausa cikin harsuna 20 na bidiyonsa. Daga baya shi da kansa ya koka cewa 'yan jarida sun mayar da abin wasan nishaɗi, ya kuma bayyana cewa kaɗan ne daga ciki yake iya sakin jiki da su.

Tun daga 2023 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara juya muryar mutum zuwa wani harshe, har laɓɓansa su riƙa motsi daidai da kalmomin, ta yadda gani ya daina korar ji. Shi ya sa masu son a yarda da su ke komawa ga hira kai tsaye ta awa guda ba yanka, ko su ɗaga takardar jarrabawa a gaban kyamara. A tarukansu kuwa kowa na rataye da kati a ƙirji mai jerin harsunansa, duk wanda ya ga nasa a ciki yana iya tsayar da shi a bakin ƙofa ya fara magana.