Hutun tsakiyar fim: wa yake so, wa ba ya so?

Gardamar a fadarmu ta tashi, nan Bukoki cikin Yamai, ana jiran shayi na biyu. Wani ƙanenmu ya dawo daga kallon fim mai awa uku yana ta mita. Tun wajen rabi fitsari ya matse shi, ya daure ya daure, da ya kasa ya fita. Kafin ya dawo an kashe wanda yake so a fim ɗin, bai ma san wa ya kashe shi ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙwallo ma da ake minti casa'in ana mitan, hutun rabin lokaci. Don me su masu fim ba sa tsayawa?" Nan take fada ta rabu biyu. Tambayoyin da aka yi ta jefawa a daren nan su ne na tattara.

Daga ina hutun ya samo asali?

Daga na'ura, kafin a zo ga tausayin ƴan kallo. A da fim a faifai yake zuwa, dogon zare mai hotuna a naɗe. Babban faifai mai kusan mita 600 minti ashirin da ƴan kai yake ɗauka, don haka fim guda sai ya ci faifai biyar, shida, ko fiye. Mai majigi ɗaya dole ya tsaya ya cire wanda ya ƙare ya ɗora wani, jama'a na zaune suna jira. Da manyan gidaje suka sa majigi biyu, sai aka riƙa sauyawa ba a ankara ba. Wani ɗan ɗigo ne yake ƙyaftawa a saman allo ta hannun dama, shi ke gaya wa mai aiki ya tada na biyun.

Duk da haka hutun bai mutu ba, don an riga an gaje shi daga wasan daɓe na Turai, inda ake sauke labule tsakanin kashi da kashi. Faransawa na ce masa antarakt. Manyan finafinan Amurka da Ingila da shi aka tsara su: Gone with the Wind na 1939 mai kusan awa huɗu, Ben-Hur na 1959, Lawrence of Arabia na 1962. Har kiɗa na musamman ake sawa na kiran mutane su koma kujerunsu.

To me ya kashe shi a can?

Lissafi. Idan ɗaki guda yana nuna fim sau huɗu a yini, kowane da hutun minti goma sha biyar, awa ɗaya ta tafi, kuma a awar nan ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. Da aka koma gina gidaje masu ɗakuna da yawa, sai ya zama kowane minti a ƙidaye yake. Gandhi na 1982 yana cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka fito da hutu a matsayin abin da aka saba. Yanzu kuwa fim a kwamfuta yake, babu faifan da za a sauya.

Abin dariyar shi ne finafinan sun sake tsawo. Avatar na biyu, a 2022, ya haura awa uku. Oppenheimer na 2023 awa uku cif. An ɗauke hutu, an ƙara tafiya.

Amma ai ƴan Indiya ba su daina ba?

Ba su daina ba, kuma a nan ne maganar take da daɗi. A Indiya marubuci tun yana riƙe da alƙalami ya san inda zai tsaya. Kashi na farko yakan zo da dariya da soyayya da waƙa, sai dab da hutu a jefo abin da zai hana ka tafiya gida: asiri ya tonu, ko bos ya bayyana, ko a raba masoya. Wanda ya kalli Sholay na 1975 ya san wurin. Sai da aka nuna cewa Thakur ba shi da hannuwa, bos ɗin fim ɗin, Gabbar, ya sare su, sannan aka saki mutane su je su sha iska. Wa zai ga wannan ya wuce gida? Kana waje kana cin samosa, hankalinka na ciki.

Ga mai gidan silima kuma lokacin kasuwa ne, domin ribar gugguru da lemo ba a raba ta da masu fim kamar yadda ake raba kuɗin tikiti. Shi ya sa a can har fim ɗin Amurka ake tsayarwa a tsakiya. Ba su kaɗai ba ne, a Turkiyya da Suwizalan da Aisilan ma an saba da hutun.

Mu nan Nijar mun taɓa saninsa?

Wani kawunmu da ya yi zamanin silimar Vox da ta Zabarkan ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu hutu iri-iri muka sani." A silimar da ba ta da rufi sai duhu ya yi ake farawa. In zare ya tsinke, ko wuta ta ɗauke, sai fito da ihu har a gyara, masu gyaɗa da aya da tsire kuwa su samu ciniki. Ya ce a wannan ɗan tsakanin ne ake fassara wa juna labari, don kaɗan ne ke jin Indiyanci, amma kowa ya san me za a yi wa bos.

Mu da muka taso zamanin gidajen bidiyo namu daban ne. Faifan CD bai kai ɗaukar awa ɗaya da rabi ba, sai fim ɗin Indiya ya zo a faifai biyu ko uku. Ina tuna yaron da ke kula da tele, yana ciro na farko ya hura wa na biyu iska, ya goge shi da gefen riga, mu kuma a guje mu zaga bayan zana mu dawo kafin wani ya gaje benci. Da silimar CanalOlympia ta buɗe a Yamai a 2017, yara da yawa a nan suka fara sanin zama cikin duhu da sanyi a ɗaki rufaffe.

Masu son hutun me suke cewa?

Na farko dai buƙata irin ta ƙanenmu. Sai dattijo mai ciwon baya, da mai ciwon suga, da uwar da ta bar jariri a gida tana son ta kira ta ji lafiyarsa. Akwai kuma wadda ta fi kusa da mu: fim mai awa uku in ya fara bayan la'asar sai ya ci magariba. Za ka ga mutane na sulalewa ɗaya bayan ɗaya, suna taka ƙafafun jama'a cikin duhu suna "a gafarce ni". Minti goma sha biyar ya ishi mutum alwala da raka'a uku.

Masu ƙinsa fa?

Suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Mai fim ya ɓata awa ɗaya yana jan ka a hankali har ka manta inda kake, sai a kunna fitila, kowa ya zaro waya ya hau WhatsApp. In aka dawo, wasu ba su dawo ba, wasu na tauna, wani na gaya wa abokinsa ƙarshen labari da ya karanto a intanet. Ga kuma mai tunanin taksi: dare na yi, ƙarin minti goma sha biyar na iya sa ya biya kuɗin mutum biyu kafin ya isa Haro Banda.

Mai gidan silima na da ikon yanke fim da kansa?

Ya danganta da yarjejeniyarsa da masu fim. A 2023 Martin Scorsese ya fitar da Killers of the Flower Moon, awa uku da minti 26. Wasu gidaje a Turai da Amurka suka sa hutu da kansu, kamfanonin da ke da fim ɗin suka ce an saɓa yarjejeniya, a daina. Shekara ɗaya bayan nan Brady Corbet ya fito da The Brutalist, awa uku da minti 35, shi kuwa da hannunsa ya dasa hutun minti goma sha biyar a ciki, har da agogo a allo yana ƙirga abin da ya rage.

Kai wane ɓangare kake?

Ina tare da hutu, amma wanda mai fim ya zaɓi wurinsa. In ma'aikaci ne kawai zai duba agogo ya danna, jarumi ya buɗe baki zai yi magana a yanke shi, gara a bar ni da matsuwata. Fim ɗin da bai kai awa biyu ba kuwa ban ga dalili ba.

Ƙanenmu ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. Ya riga ya yanke shawara: ranar kallo ba zai sha shayi na uku ba, kuma kujerar bakin hanya zai kama.