Bindiga a Hannu, Ɗan Sanda a Bakin Ƙofa: Abin da Dokar Amurka Ta Ce

A Amurka mutum yana iya tsayawa a falonsa riƙe da bindiga bai karya dokar kowa ba. Ɗan sandan da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa kuma yana iya harbinsa, masu gabatar da ƙara su duba su ce shi ma babu laifin da za a tuhume shi da shi. Dokoki biyu ne, kowace da tambayar da take yi, kuma a bakin ƙofa suke karo.

Ta farko ita ce Gyara na Biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya ba da haƙƙin mallaka da riƙe makami, aka amince da shi a 1791. An daɗe ana jayayya ko haƙƙin riƙe makami na dakarun sa-kai ne ko na kowane mutum, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller: alƙalai 5 cikin 9 suka ce mutum na da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. A 2010 shari'ar McDonald ta ɗora hukuncin a kan jihohi. Amma ba kowa ya shiga ba. Dokar tarayya ta hana wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda ke zaune ba takardu, da yawancin masu bizar wucin gadi. Ɗan uwanmu da ya je karatu ko ziyara ya kula da wannan, domin matsayinsa daban da na mai katin zama na dindindin. A Najeriya kuwa maganar ta sha bamban tun daga tushe: ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959 lasisi ake nema, hukuma ta ga dama ta bayar ko ta hana.

Gida ma yana da kariyarsa a Gyara na Huɗu. Ɗan sandan da ba shi da sammacin kotu yana iya zuwa ya ƙwanƙwasa kamar kowane baƙo, mai gida kuma ba dole ne ya buɗe ba. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar King ta 2011. Sai dai idan akwai gaggawa, kamar ana jin ihun wani a ciki ko sun biyo mai laifi da gudu, to suna iya shiga. A 2021, a shari'ar Caniglia, alƙalan duka 9 suka ƙi yarda da hujjar "kula da lafiyar jama'a" da 'yan sandan birnin Cranston da ke jihar Rhode Island suka kafa don shiga gidan wani mutum su kwashe bindigoginsa ba sammaci. Riƙewa dai daban, nunawa daban: ɗaga bindiga ka auna mutum ba dalili laifi ne ko da a tsakar gidanka kake.

Doka ta biyu ita ce wadda ake auna ɗan sanda da ita, kuma a nan ne abin ke ci mini rai. Shari'ar Graham ta 1989 ba ta tambayar ko mai gida yana kan gaskiyarsa. Abin da take tambaya shi ne, shin jami'i mai hankali da ya tsaya a wurin a wannan lokaci zai ga rayuwarsa na cikin haɗari? Lasisinka, da tsabtar tarihinka, da cewa gidanka ne, duk bai san su ba a daƙiƙar da ƙofa ta buɗe.

Dubi Roger Fortson, matashin sojan sama mai shekara 23. Ranar 3 ga Mayun 2024 yana shi kaɗai a ɗakinsa a garin Fort Walton Beach na jihar Florida, wani jami'i ya zo kan rahoton hayaniya, ya buga ƙofa, ya sanar da kansa. Fortson ya buɗe da bindigarsa a hannu, bakinta na kallon ƙasa. Kyamarar jikin jami'in ta nuna sai da ya gama harbi sannan ya ce a yar da bindiga. An kore shi daga aiki, a watan Agusta aka tuhume shi da kisan da ba na ganganci ba. Amir Locke kuwa, mai shekara 22, yana kwance a kujera lulluɓe da bargo a birnin Minneapolis cikin Fabrairun 2022, 'yan sanda suka kutsa da sammacin da ya ba su damar shiga ba ƙwanƙwasawa. Ya motsa da bindiga a hannu, cikin kusan daƙiƙa 9 an harbe shi. Sunansa ba ya cikin sammacin, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Dukansu baƙar fata ne, kuma ba na jin za a yi wannan magana da gaskiya a tsallake hakan.

An ɗan samu gyara a Mayun 2025. A shari'ar Barnes, Kotun Ƙoli ta ce kada kotuna su tsaya kan daƙiƙar harbi kaɗai, su duba duk abin da ya faru tun daga farko. Mataki ne mai kyau, ko da yake bayan an yi jana'iza yake aiki.

Shi ya sa shawarar da ta fi amfani ba ta da tsawo. In an buga ƙofa an ce 'yan sanda ne, a yi magana ta bayan ƙofa, a tambayi ko suna da sammaci. In ana shakka a kira 911, lambar kiran gaggawa, a tabbatar. In za a buɗe, a ajiye bindigar tukuna, hannuwa biyu su fito fili, a faɗa da baki cewa akwai makami a gidan da inda yake, kada a miƙa hannu wajensa ko da don a nuna musu. In sun shiga ba bisa ƙa'ida ba, a ce a fili ba a yarda da bincike ba, sauran maganar a bar wa lauya ya kai ta gaban alƙali.