Wachi a tseren jirgin ruwa, ba waakye ɗin Hajiya ba

Jiya a bes ɗinmu na ataya a Nima wani ƙanena yana kallon bidiyon tseren yot a YouTube, irin jiragen nan da ba inji ke tura su ba sai iska da manyan ƙyallaye, sai ya ji bature yana ta cewa wachi wachi, ya ɗago kai ya ce "Yaya, su ma waakye suke ci a tsakiyar teku?" Dariya har ataya ta kusa zubewa.

To ba abinci ba ne. Kalmar uwarsu ɗaya da wachiman, aikin da kakanninmu da yawa suka yi a nan Ankara, wato gadi. A jirgi wachi shi ne lokacin da ya zama kai ne a bakin aiki. Tseren teku ba kamar trotro ba ne da dare in ya yi direba zai faka ya tafi gida, jirgi gudu yake yi dare da rana, sai a raba mutane kashi biyu ko uku, waɗannan suna sama awa 4 waɗancan suna ciki suna hutawa, sai a yi canji. Wasu da dare suna rage shi zuwa awa 3 saboda sanyi da gajiya.

Tsohon tsari ne na sojan ruwan Ingila, kuma akwai wayo a ciki. Wachin ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 suna tsaga shi biyu, awa bibbiyu, suna ce masa wachin kare, don kada mutum ɗaya kullum shi ke faɗawa 12 na dare zuwa 4 na asuba, wanda shi ne kowa ke gudu.

Amma kar ka ji awa 4 ka ɗauka barcin awa 4 ne, ina! A ciki za ka tuɓe jiƙaƙƙun kaya, ka zuba ruwan zafi a busasshen abincin leda ka jira ya kumbura ka ci, ka kwanta jirgi na dukan igiyar ruwa kamar ana buga ganga a kanka, kuma tun lokaci bai cika ba an tashe ka ka sake sa kayan nan da ba su bushe ba. In iska ta juya ana so a canza ƙyalle kuwa ba ruwan kowa da hutunka, kowa sama. Gadon ma ba naka ba ne, kana tashi wani ya shige da ɗuminka, wanda ya taso ɗaki ɗaya da 'yan'uwa shida a zango wannan ba zai dame shi ba. Ana kwanciya a gefen da ya ɗaga sama don nauyin jiki ya taimaka wa jirgin, in ya juya ka kwashi barcinka ka koma ɗaya gefen. Ƙafa kuma gaba take kallo, don in jirgi ya soki igiyar ruwa ya tsaya cak, ƙafa ce za ta daki bango ba kai ba.

Wachin dare shi ne mai wuyar. Jar tocila kawai ake kunnawa, farar wuta in ta haska maka ido ka daina ganin komai na ɗan lokaci, irin yadda ake yi in dumso ya zo, wato aka ɗauke wuta, kana tsaka da kallon waya. Mai sitiyari ba ya ganin igiyar da ke tahowa, da lambobin da ke haske a gabansa yake tuƙi da kuma iskar da yake ji a kumatu. Kuma dole ka maƙala igiyar rigarka a jikin jirgi. A 2006 a tseren Volvo na zagaye duniya ruwa ya share wani ɗan Holan, Hans Horrevoets, cikin dare a Atlantika, abokansa sun juya sun tsamo shi amma rai ya yi halinsa. Tseren Fastnet na 1979 jirage 303 suka tashi daga Ingila, guguwa ta riske su da dare, 'yan tsere 15 suka rasu.

Sai masu Vendée Globe da ke tashi daga Faransa, mutum ɗaya tal ya zagaye duniya ba tsayawa, ba wanda zai miƙa wa wachi, sai ya bar wa na'ura tuƙi ya saci barcin kamar minti 20 ƙararrawa ta tashe shi. Haka Charlie Dalin ya yi kwana 64 ya ci a Janairun 2025.

Ƙanen nawa, wanda sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, wai shi zai iya. Na ce massa fara da wanke kofunan atayan nan tukuna.