Bashin katin kiredit da sauya bashin gida a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da sauya bashin gida, kuma ina ruwan katin kiredit da shi?

A Birtaniya yawancin masu sayen gida da bashi suna ƙulla yarjejeniyar kuɗin ruwa tsayayye na shekara 2 ko 5. Idan wa'adin ya cika, banki yakan mayar da mutum kan farashinsa na gama-gari, wanda ya fi tsada, shi ya sa mai gida ke neman sabuwar yarjejeniya a wani bankin, gidan nan dai shi ne jingina. Sabon bankin kuwa bai san shi ba, don haka zai bincike shi kamar yau ya fara neman bashi. Tun watan Afrilun 2014 hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta wajabta wa bankuna su tabbatar mai nema zai iya biya, kuma a wannan lissafin ne bashin kati yake shigowa.

Ta yaya banki yake lissafa bashin da ke kan katin?

Ba ya tsayawa kan mafi ƙarancin kuɗin da kamfanin kati ke karɓa duk wata. Bankuna da dama suna ɗaukar kusan kashi 3 cikin 100 na bashin a matsayin nauyin wata, wasu ma fiye da haka. A ce mutum ya gyara kicin da kati, bashi ya kai fam 6,000: banki zai ware fam 180 daga kuɗin shigarsa na wata kafin ya duba abin da ya rage na biyan gida. Wanda albashinsa ke da yalwa ba zai ji a jikinsa ba, amma wanda dama da ƙyar lissafinsa ya kai, wannan fam 180 tana iya sa a rage masa adadin da ya nema ko a ƙi shi gaba ɗaya. Kuma ko da katin na rangwame ne, wanda ba a ɗora masa ruwa na wasu watanni, banki zai ƙirga shi a matsayin bashi.

Shin mallakar katin kansa laifi ne a idon banki?

A'a. Katin da ake amfani da shi ana biya kan lokaci shaida ce mai kyau a bayanan da kamfanonin tattara tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion, ke ajiyewa. Abin da ke tayar wa banki hankali shi ne katin da aka ci kusan iyakarsa, ko cire tsabar kuɗi da shi, ko buɗe sabbin katuna ana dab da neman sauyi, domin kowace nema tana barin alama a bayanan mutum. Mafi muni shi ne tsallake biya, wanda ke zama a rubuce har shekara 6.

To, yaushe ya kamata a biya bashin?

Da wuri. Kamfanonin kati sau ɗaya a wata suke aika bayanai, saboda haka wanda ya biya yau ya nemi bashi gobe, tsohon adadin banki zai gani. Tun da ana iya ƙulla sabon farashin kuɗin ruwa har wata 6 kafin wa'adi ya ƙare, tun kafin lokacin ya dace a fara rage bashin.

Ba zai fi sauƙi a haɗa bashin katin cikin na gida ba?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin a ido abin yana da daɗi. Mu koma kan fam 6,000 ɗin nan. Idan ruwan kati kashi 22 ne kuma aka biya cikin shekara 2, za a riƙa ba da kusan fam 311 a wata, ruwan duka ya kama kusan fam 1,470. Idan aka zuba shi cikin bashin gida mai ruwa kashi 5 na shekara 20, biyan wata zai sauko zuwa kusan fam 40, amma ruwan da za a biya a ƙarshe zai kai kusan fam 3,500. Sauƙin wata ne aka saya da tsadar shekaru. Bayan haka, bashin da a da ba shi da jingina yanzu ya hau kan gida, kuma ƙarin yana iya tura mutum daga rukunin masu bashin kashi 75 na darajar gida zuwa na sama, inda ruwan dukan bashin ya fi tsada. A ganina wannan hanya ta wanda biyan wata ya shaƙe ce, kuma sai idan ya ƙudura ba zai sake cika katin ba.

Idan sabon banki ya ƙi fa?

Akwai mafita a gida: mutum ya karɓi sabuwar yarjejeniya a bankin da yake ciki. Muddin ba ƙarin kuɗi yake nema ba kuma bai saɓa biya ba, galibi ba a sake cikakken binciken. Musulmin da ke gudun riba, ya nufi tsarin sayen gida na Musulunci irin na bankin Gatehouse, shi ma ya sani cewa za a duba bayanan bashinsa da nauyin katinsa kamar kowa.