Sunan Mamman Shata: laƙabi ne ko sunan gida?

Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999) mawaƙin kalangu ne da aka haifa a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Ya rasu a Kano, aka binne shi a Daura. Sunan da duniya ta san shi da shi, wato Shata, laƙabi ne. Ba daga mahaifinsa ya gaje shi ba, kuma kafin shi ba a kiran gidansu da wannan suna.

Sunan yankansa Muhammadu, wanda Hausawa kan sassauta su ce Mamman. Mahaifinsa kuwa Ibrahim Yaro ake kiransa. Da a ce tsarin da ake bi a takardun makaranta yau aka bi, da Muhammadu Ibrahim za a rubuta. Masu bin tarihinsa sun ce wani dattijo cikin danginsa, Baba Salamu, shi ya laƙaba masa Shata tun yana yaro, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Katsina da ake ƙarawa a ƙarshe sunan ƙasarsu ce, duk da cewa a Funtuwa ya daɗe da zama.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda baƙi ke karanta sunayen Hausawa. A al'adar Bahaushe babu sunan iyali guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Mutum na da sunan yanka, a jingina shi da mahaifinsa, ko garinsu, ko sana'arsa, sai kuma laƙabin da jama'a suka ba shi. Wanda bai san haka ba, da ya ga suna biyu a bangon faifai ko kaset, sai ya ɗauka na biyun sunan gida ne irin na Turawa. Kuskure ne da ya kamata masu rubuta tarihin mawaƙanmu su riƙa gyarawa, domin yana ɓoye sunan uban mutum.

Ba Shata kaɗai ba ne. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi da ya rasu a 2015, sunansa Adamu Wayya, rasuwar iyayensa tun yana ƙarami ce ta jawo masa laƙabin.

Sai dai a wajen 'ya'yan Shata lamarin ya sauya. Su da Shata ake kiransu bayan sunayensu na yanka, saboda haka a gare su laƙabin mahaifin ya riga ya zama sunan gida.