Karatun Digirin Farko a Fasahar Zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Digirin farko a fasahar zane horo ne na shekara huɗu wanda ɗalibi ke samu a jami'a domin ya ƙware a zanen hannu, zanen fenti da sassaƙa, ya kuma san tarihin fasaha da hanyoyin koyar da ita. Sashen Fasahar Zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke babban harabar jami'ar a Samaru ƙarƙashin Tsangayar Tsara Muhalli, yana cikin wuraren da suka fi daɗewa suna ba da wannan horo a Najeriya, kuma sunansa ya yi nisa har masana tarihin fasaha suna kiran duk waɗanda suka fito daga cikinsa da 'yan Makarantar Zariya.

Asalin sashen

Koyar da zane irin na boko a makarantun Najeriya ya samo tushe ne daga Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Faris a farkon shekarun 1920 ya dawo yana koyarwa a makarantun Legas, da kuma Kenneth Murray, Baturen Ingila da ya iso ƙasar a 1927. Duk wannan a matakin sakandare aka yi shi. Horo mai zurfi ya zo ne da Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, wadda ke da rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. An buɗe sashen zane a reshen Ibadan a 1953, aka dawo da shi Zariya a 1955, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaji gine-ginen kwalejin da malamanta da ɗalibanta, takardar difiloma ta koma digiri.

A shekarun farko yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma daga makarantun zane na Landan aka ɗauko salonta: nazarin ƙasusuwa da tsokar jikin ɗan Adam, ƙa'idar nuna nesa da kusa a kan takarda, da tarihin fasahar Turai tun daga Girka. Clara Ugbodaga-Ngu, mai zanen fenti, tana cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a wurin a lokacin. Horon yana da inganci ta fuskar sarrafa hannu, amma tagullar Bini da kawunan Ife da adon bangon birnin Zazzau, wanda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga ajin, ba su da gurbi a darasi.

Ƙungiyar ɗaliban 1958

Wannan giɓi ne ya sa wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da aka sani da Zaria Art Society a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke, Oseloka Osadebe da Emmanuel Odita. Sukan zauna bayan darasi su tattauna, kuma idan an yi hutu kowa ya koma garinsu ya binciki fasahar mutanensa ya dawo da abin da ya gano. Uche Okeke, wanda ya taso a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo kuwa ya dubi siffofin sassaƙar Yarabawa. A 1960 Uche Okeke ya ba wannan tunani suna da Turanci, Natural Synthesis, ma'anarsa haɗa dabarun da aka koyo daga waje da gadon gida ta yadda sabon abu zai tsiro ba tare da an tilasta shi ba.

Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, laƙabin da ya ɗan wuce gona da iri, domin ba su ƙaurace wa aji ba, sun yi aikin da malamai suka ba su sun kuma ci jarrabawa. Ƙungiyar ta watse a 1961 lokacin da jagororinta suka kammala karatu, amma a nan ne tasirinta ya fara yaɗuwa. Grillo ya shugabanci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba shekaru masu yawa. Uche Okeke ya karɓi ragamar sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, ya mai da uli ginshiƙin koyarwa a can. Onobrakpeya ya zama gwanin buga zane, Nwoko kuma ya karkata ga tsara gine-gine har aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis da ke Italiya a 2023. Da wuya a sami wani aji guda na ɗaliban da ba su ko karɓi takardar shaida ba tukuna wanda ya sauya alƙiblar fasahar ƙasa kamar yadda waɗannan suka yi.

Yadda karatun yake

Ana shiga ne ta jarrabawar JAMB bayan samun kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci. Mai takardar NCE ko difiloma a fannin yana iya shiga kai tsaye a aji biyu, ya yi shekara uku. Shekaru biyu na farko na share fage ne, kowa yana taɓa kowane fanni. Daga aji uku ɗalibi ke zaɓar inda zai zurfafa, ko zanen fenti, ko sassaƙa, ko tarihin fasaha, ko koyar da fasaha. Zanen talla, adon tufafi, aikin tangaran da na gilashi sun koma wani sashe daban na tsara kayan masana'antu, wanda aka cire daga jikin wannan.

Zanen hannu shi ne uwa-uba, kuma ba a rabuwa da shi har a gama. Ɗalibi yakan hau wani benci da ake zama a kansa kamar an hau jaki, allon zane a jingine gabansa, ya miƙe hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon kan wanda aka zaunar a tsakiyar ɗakin da babban yatsa, sannan ya lissafa sau nawa wannan awo ya shiga tsawon jikin duka. Malami na zagayawa ta baya, ya tsaya, ya ja layi ɗaya da gawayi a kan aikin awa biyu ya nuna cewa kafaɗar ta goce. Abin da ake horarwa a nan ido ne kafin hannu, domin wanda bai saba ba yakan zana abin da ya san yana wurin, ba abin da yake gani ba. Bayan na cikin ɗaki akwai zanen waje: a fita da littafin zane zuwa kasuwar Samaru, tashar mota, ko gindin dutsen Kufena, a kama tsayuwar mai tallar nono ko tafiyar shanu cikin 'yan daƙiƙu kafin su gusa.

Mai zanen fenti yana koyon ɗaure kyalle a jikin firam na katako, ya shafe shi da farin fenti mai gam don kada ya sha mai, sannan ya koyi haɗa launuka da sanin wanda ke matsowa da wanda ke ja da baya a idon mai kallo. Aikin mai sassaƙa ya fi nauyi. Sai ya fara haɗa ƙashin aikin da rodi da waya, ya ɗora yumɓu a kai a hankali, ya ɗauki zubin siffar da farar ƙasar filasta, sannan ya zuba siminti ko wani abu mai ɗorewa a ciki. Wasu kuma walda suke yi da tarkacen ƙarfe. A lokacin hunturu iskar Zariya na busar da yumɓu cikin dare ɗaya, saboda haka wanda ya tafi bai lulluɓe aikinsa da jiƙaƙƙen tsumma da leda ba, zai dawo da safe ya tarar ya tsage. Lambun sassaƙa da ke jikin sashen cike yake da ayyukan kammalawa na ɗaliban shekaru daban-daban.

Jarrabawar darussan aiki ba a rubuce ake yin ta ba. A ƙarshen zango ɗalibi na jera ayyukansa, malamai su zagaya tare su duba, su yi tambaya, su ba da maki. Akwai kuma watannin koyon aiki a waje ƙarƙashin shirin SIWES, inda ɗalibi ke zama a ɗakin aikin wani gwani ko gidan adana kayan tarihi, sannan a shekarar ƙarshe ya gabatar da babban aiki da rubutaccen bincike gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Babbar wahalar karatun ita ce tsadar kaya, domin fentin mai da burushi da takarda mai kyau galibi daga ƙasashen waje ake shigo da su kuma ɗalibi ne ke saya. Wannan ƙunci, tare da son gwaji, ya tura da yawa zuwa ga ƙasa mai launi, buhu, ƙwarya da gwangwanayen da aka yar.

Malamai da zuriyar baya

Bayan zamanin su Okeke, sashen ya yaye Kolade Oshinowo da Dele Jegede a farkon shekarun 1970. Malamin da aka fi danganta salon fentin Zariya na baya da shi shi ne Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya shahara da tsarma fentin mai ya bar shi ya kwarara a kan kyalle yana sarrafa kwararar, kuma ya rasu a hatsarin mota a 1995 a hanyar dawowa daga baje koli a Legas. Jerry Buhari, ɗan kudancin Kaduna, yana cikin ɗalibansa da suka ci gaba da koyarwa a sashen har ya kai matsayin farfesa.

Matsayinsa a ƙasar Hausa

Ko da yake sashen na zaune a ƙasar Zazzau, mafi yawan sunayen da suka yi fice daga cikinsa na mutanen kudu ne da tsakiyar Najeriya. Dalilan sun haɗa da ƙarancin malaman zane a sakandaren Arewa, da fifikon da iyaye ke bai wa likitanci da lauya da injiniya, da kuma hukuncin da malaman Musulunci da yawa suka yanke a kan sassaƙa ko zana mai rai, wanda ke sa ɗalibi Musulmi ya yi taka-tsantsan. Masu wannan damuwa sukan karkata ga zanen shimfiɗar ƙasa da gine-gine, rubutun Larabci na ado, ko zanen da siffofi da launuka kaɗai ke magana a cikinsa.

Wannan bai nuna cewa Hausawa baƙi ne ga fasahar ido ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar da alaramma ke yi wa allon mai sauka, da shuɗin karofin Ƙofar Mata a Kano, duk ilmi ne na awo da daidaito da launi wanda ake koya daga hannun gwani shekara da shekaru. Jami'ar da kanta ta yarda da darajar irin wannan ilmi lokacin da ta bai wa Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gwari wadda ba ta yi karatun boko ba, digirin girmamawa a 1977. Jimo Akolo, abokin karatun su Okeke, ya zana makaɗa da mahayan Arewa, kuma hawan salla na cikin abubuwan da ɗaliban sashen suka fi zanawa. Duk da haka, zana hoton mahayi daban yake da ɗaukar ƙa'idar dagi ko zayyana a gina sabon salo a kanta kamar yadda aka yi da uli a Nsukka, kuma wannan aikin na biyun har yanzu bai kai inda na Nsukka ya kai ba.

Wanda ya kammala digirin yakan yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, sannan ya shiga koyarwa a sakandare ko kwalejin ilmi, ko ya buɗe ɗakin aiki yana karɓar kwangilar hoton mutane da adon shataletale, ko ya yi aiki a gidan tarihi, gidan jarida, kamfanin talla da wuraren tsara dandalin fim. Kasuwar sayar da zane mafi girma tana Legas, Abuja na biye da ita, shi ya sa da yawa daga waɗanda aka horar a Samaru can suke kai ayyukansu.